Ruwan Bijimin Alhaji Mamman

Tunda kun ce a waya kuka gani, wai aikin bai wuce a soka tiyo nan a soka can ba, to ku gyara zama kan bencin nan. Injin tace ruwa in ka gan shi a kwali kamar abin wasan yara ne: kofuna uku a jere, ɗan famfo mai gurnani kamar mage, sai wani dogon bututu a kwance a samansu. Sai ka shiga gidan mutane da shi kake sanin akwai aiki.

Ni ba da ƙuruciya na shiga sana'ar nan ba. Ina da iyali, ina tura kurar ruwa a cikin Ƙanƙara, kowa ya san Isuhu ɗan garuwa. Cikin masu sayen ruwana akwai Malam Haruna mai famfo, wanda ya daɗe yana kula da ruwa a wata masaƙa a Kaduna, da aka rufe ta ya dawo gida da jakar sifanoninsa. Wata safiya na tarar da layi a rijiyar da na saba, sai na ɗebo a wata. Kafin in buɗe baki in faɗa masa, ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya ce, "Yau ta bayan kasuwa ka tahi."

Na ce, "Malam, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ruwan. Kowane ruwa yana faɗin gidansu, in ka iya saurare."

Ban daɗe ba na jingine kura na bi shi.

Abin da na fara koya shi ne yanka tiyo. Kada ku yi dariya. Malam Haruna zai ba ni reza da ragowar tiyo, in yi ta yanka yana dubawa yana jefarwa. In ka yanka shi a karkace, zai yi maka ladabi a gabanka, sai ka hau babur ka kai bakin titi sannan ya fara zuba a ɗakin girkin mutane. Daga nan sai naɗa farin tef a bakin zare, da sanin inda ake tsayawa wajen ɗaure kofi, don roba ba ta yin kuka kafin ta tsage. Muna da wani ɗan ma'auni kamar alƙalami, ka tsoma shi a kofi ya nuna maka yawan gishirin da ke cikin ruwan. Malam ba ya bari in taɓa shi sai na fara ɗanɗanawa na faɗi nawa. Haka muka yi ta yawo, 'Yargoje, Pauwa, duk rijiyar da muka wuce sai na kurɓa.

Shi injin kuwa ga yadda yake. Kofin farko yana kama laka da yashi. Biyun da ke binsa gawayi ne a ciki, suna kama wari. Daga nan famfo ya danna ruwan da ƙarfin tsiya cikin dogon bututun nan, inda akwai wani abu nannaɗe kamar tabarma, mu fata muke ce mata. Ƙofofinta ido ba ya ganinsu. Ruwa zalla ne kawai ke ratsawa, shi ma sai an matsa masa. Gishiri da kanwa da ƙwayar cuta duk su tsaya a waje. To, abin da ya tsaya ai sai an wanke shi, in ba haka ba fatar ta toshe. Saboda haka injin yana da mafita biyu. Shuɗin tiyo shi ne na sha, yana zuwa a hankali kamar ana tatsar akuya. Baƙin tiyo shi ne na wankin, yana zuwa da gudu, kuma duk dattin da aka ƙi yana cikinsa.

Shekarun nan su ne lokacin da ɗanyen mai ya yi tsada a duniya, kuɗi suka gangaro har ƙananan hukumomi. Wanda jiya yake kan keke, yau sai ka gan shi da kwangilar kwalbati. Kowa ya gina gida sai ya haƙa bohol, ya ɗora baƙin tanki a sama, ya sayi janareto. Sai dai ruwan wasu bohol ɗin kanwa ce tsagwaronta. Sabulu ya ƙi kumfa, shayi ya yi wani irin ɗaci, butar dafa ruwa ta yi farin ɓawo a ciki. Da mutum ɗaya ya sa inji, sai kowa ya ce shi ma.

Akwai wani Alhaji a Sabuwa da ya sayo nasa tun daga Kano ya aiko a kira mu. Muka tarar ya share masa wuri a falo, kusa da talabijin. Malam Haruna ya duba bango, ya duba ƙasa, ya ce, "Alhaji, ta ina ruwan zai shigo?"

Ya ce, "Ba shi ke yin ruwan ba?"

Malam ya ce, "Rariya ce, Alhaji, ba rijiya ba."

A ƙarshe dai sai da muka huda bangon falon muka jawo bututu, don ya ce abin da ya saya da tsada ba zai ɓoye shi a bayan gida ba. Uwargidansa ta ɗinka masa rigar leshi.

Amma aikin da ya fi zauna mani a rai shi ne na gidan Alhaji Mamman, dillalin shanu a Sheme. Mutum ne mai kyauta da fara'a, sai dai in ya riƙe magana, jaki ma ya fi shi saurin juyawa. Gidansa babba ne, ga yara, ga baƙi kullum a zaure. Saboda haka muka kafa injin a rumfar da ke kusa da madafa, muka zura shuɗin tiyo cikin wata babbar randa mai murfi. Baƙin kuma Malam ya ja shi har komin da wani bijimi da Alhaji ke kiwatawa yake shan ruwa, tunda shanu dama kanwa ake saya musu. Alhaji yana kasuwa muka gama.

Wadda ta tsaya a kanmu ita ce mahaifiyarsa, Hajiya Inna, tsohuwa 'yar siririya mai kaifin ido. Muka ɗiba mata na farko a moɗa. Ta sha, ta ce, "Wannan ruwa ne ko iska? Na sha ban ji na sha ba." Ta dubi baƙin tiyo yana kwarara, ta dubi shuɗin yana ɗiga, ta ce, "Abin da yake zubarwa ya fi abin da yake bayarwa. Wannan in ɗa ne ai an sallame shi." Malam ya yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya sa alheri, irin faɗin da ake yi wa wanda ya ɗauko tafiyar da ba za ta yi kyau ba.

Ba a jima ba magana ta fara yawo. Ranar kasuwar Ƙanƙara wani ya ce mani duk wanda ya sha ruwan inji a gidan Alhaji Mamman, wuni yake da buta a hannu. Aka ce injin yana tsinka hanji. Mutum biyu da suka yi mana alkawarin aiki a Faskari suka aiko cewa mu dakata. Na Sabuwa ma aka ce ya kashe nasa, ya bar shi da rigar leshinsa. Sana'ar da ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba, ga shi za a binne ta da rai.

Lokacin ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Haruna. Ya tura mani jakar kayan aiki da sandarsa, ya ce, "Tahi kai kaɗai. Kada ka buɗe jakar nan sai ka sha ruwan. Kada kuma ka buɗe baki sai ka san wanda ya taɓa injin."

Na isa Sheme da hantsi. Alhaji yana zaure da abokansa dillalai a kan darduma. Muka gaisa, ya sa aka kawo mani ruwa a kofin silba. Kurɓa ɗaya na yi na ji harshena ya ɗaure. Ya fi na bohol ɗin kanwa nesa ba kusa ba. Na haɗiye don kunya.

Alhaji yana ta murmushi. Ya ce, "Ka ji ko, Malam Isuhu? Yanzu ya yi ɗanɗano. Ai kuskure kuka yi, kai da maigidanka. Kun ba dabba mai ƙarfin, kun bar mutane da mai ɗigo. Gida kamar wannan, yaushe ɗigo zai ishe shi? Da hannuna na sauya su. Ban ma aika maku ba, don kada Malam Haruna ya ji nauyi."

Dillalan suka gyaɗa kai. Ana cikin haka ɗaya daga cikinsu ya miƙe a hankali, ya ɗauki buta ya fita, ba wanda ya dube shi.

Na ce, "Alhaji, an ce mutane na fama da ciki."

Ya ce, "Wankin ciki ne. Tsohuwar cuta yake fitarwa. Ni kaina na ji jikina ya yi sakayau."

Ya yi sakayau kuwa, don babbar rigarsa har ta fara yi masa yawa. Ku da kuka ce aikin soka tiyo ne, ku gaya mani, a gaban abokansa za ka ce masa wankin fata yake sha, har yana raba wa baƙi? In na faɗa, na gyara inji na rasa gida. In na yi shiru, gobe wani yaro ne zai kwanta. Na ce, "Allah ya ƙara basira, Alhaji. A yi mani iso in duba kofunan."

Da na shiga, ga baƙin tiyo cikin randa yana ta aikinsa. Na bi shuɗin har wurin komi. Bijimin yana tsaye, fari sol, jikinsa yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. A gefensa ga Hajiya Inna zaune kan kujera 'yar tsugunno, ta ciro shuɗin tiyon daga komi ta sa a bakin tulunta, tana jan carbi tana jira ya cika.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, ashe kin sani."

Ta ce, "Wake ne ya gaya mani. Na ɗora shi da ruwan randa, har itace ya ƙare bai nuna ba. Na ɗora da na bijimin nan, ya yi lugub. Tun ran nan na ce wa matar gidan ita da yara nan za su riƙa ɗiba. Ni da sa da jikokina, mu ke da lahiya a gidan nan."

"Shi Alhaji fa?"

"Na gaya mashi, ya ce tsufa ne. Na ce to, bari cikinshi ya gaya mashi, tunda shi ba tsoho ba ne."

Na ce, "Inna, cikin nasa ya faɗa, bai ji ba. Mu kau abincinmu ne ke shirin ƙarewa. An ce injinmu na tsinka hanji."

Ta dube ni. Ta ce, "Ban san abin ya kai can ba. Je ka wurin injinka ka ba mu baya."

Ta aika aka kira Alhaji. Ina tsugune ina kwance kofin da ba abin da ya same shi, ina jin komai. Ta ce ya zauna, ya zauna a ƙasa kamar kowane ɗa. Ta ɗebo na randa a moɗa ɗaya, na tulu a ɗaya, ta miƙa masa guntun sabulu ta ce ya wanke hannu da kowanne. Na randa ya yi ta murzawa, sai wani farin dusa-dusa. Na tulu taɓawa ɗaya kumfa ta rufe hannun. Sannan ta ce ya kurɓi kowanne, ya fara da na tulu.

Ya kurɓi na tulu, ya kurɓi na randa. Can ya ce, "Malam Isuhu, shi mai gudun nan, mene ne aikinshi?"

Ban juyo ba na ce, "Shi ke wanke fatar, Alhaji. Abin da ta ƙi, shi yake kwashewa."

Ya ce, "Ashe wanki muke sha."

Hajiya Inna ta ce, "A kofin silba."

Na zaci zai yi fushi. Sai na ji ya fashe da dariya, yana yi yana riƙe ciki, don cikin ba ya son girgiza. Da kansa ya ciro baƙin tiyo daga randa, ya sa aka kifar da ita aka wanke. Muka fita zaure tare, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Jama'a, gwajin da nake yi ya ƙare. Daga yau mai ɗigon za mu koma sha."

Wanda ya fita da buta ya dawo ke nan. Ya ce, "Alhamdu lillahi da ya ƙare, Alhaji. Da ya ƙara tsawo, da mu zai ƙare."

Sai dai bijimi ya ƙi yarda. Aka mayar masa da baƙin tiyo, ya sunsuna, ya ɗaga kai ya dubi mutane, ya juya baya. Dole Alhaji ya sa ana ɗibar masa daga randa. Da aka kai shi kasuwar Sheme kuwa, dillalai suka yi ta zagaya shi, ya yi kuɗin da ya ba kowa mamaki. Nan take magana ta juya. Injin da aka ce yana tsinka hanji, yanzu aka ce yana sa ƙiba. Masu shanu suka fara sallama a shagonmu. Na gaya musu gaskiya, na ce dusa ce da harawa da hutu suka yi wannan aikin. Suka ce sun ji, in dai zo in sa musu. Da na mayar wa Malam Haruna jakarsa na ba shi labari, ya yi dariya har da hawaye, ya tura mani ita da ƙafarsa mai lafiyar, ya ce ta zama tawa.

Mun ci shekaru masu daɗi. Sannan aka shiga shekarar da man ya faɗi. Kwangila ta ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Fata daga waje take zuwa, sai ta yi tsadar da ba mai iya taɓa ta, daga baya ma ta ɓace. Aka cika kasuwa da jabu, kwali mai kyau, ka ɗaura ka tsoma ma'auni ka ga ruwan yadda ya shiga haka ya fito. Na ƙi sa wa kowa ita. Injuna suka bushe a gidaje, gizo-gizo ya samu ɗaki. Na koma aikin da ake yi tun kafin inji: in samu durom, in jera tsakuwa da yashi da gawayi, in ce wa mutane wannan laka kawai yake kamawa, sai sun tafasa. Wasu su tafasa, wasu su ce itace ya yi tsada.

Fata ta gaske guda ɗaya ta rage mani, a nannaɗe cikin ledarta. Wani ɗan siyasa ya aiko har sau biyu yana so. Ina cikin shawara damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cika rijiyoyin unguwar su Alhaji Mamman ya haɗe su da abin da bai kamata ba. Amai da gudawa ya shigo. Sai ga Alhaji da kansa a kan babur, motarsa ya riga ya sayar. Ya ce, "Inna ta ce in zo da kai, da duk abin da kake da shi."

Fatar gidan ta gaji, da ƙyar take ɗiga. Na ɗaura sabuwar. Hajiya Inna ta ce a ƙara tsawon shuɗin tiyo a fitar da shi ta bango har ƙofar gida. Na ce, "Inna, wannan injin gida ɗaya ne, ba zai shayar da unguwa ba."

Ta ce, "Zai shayar da masu goyo da yara. Mu manya mu tafasa."

Haka aka yi. Alhaji ya sayar da ɗan maraƙi don man janareto. Ita kuma ta sa aka kai mata kujerarta ƙofar gida, ta zauna da carbinta da sanda. Mace ta zo da goyo, a cika mata galan. Ƙato ya zo da jarka, ta nuna masa hanyar gidan mai itace. Ni kuma ina zuwa a kai a kai in sauya kofin farko, don ruwan bohol ɗin ma ya yi ja. An yi rashi a garin, ba zan ɓoye muku ba. Amma yaran layin nan da suka sha daga tiyon sun kai lokacin kaka da ransu.

Wajen girbin gero fatar ta toshe gaba ɗaya. An sa ta aikin da ya fi ƙarfinta, ta yi. Na ciro ta zan jefa a buhu, sai Hajiya Inna ta ce, "Dakata. Tunda aka kawo abin nan gidan nan ake ce mani akwai fata a ciki, ban taɓa ganinta ba. Buɗe."

Na sa wuƙa na tsaga, muka warware ta a tsakar gida. Ta fi tabarmar sallah tsawo. Farar aba ce asalinta, amma ta koma ja-ja, ga santsi, ga farin ɓawon kanwa yana zuba. Tsohuwa ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Duk wannan da a cikin yaran nan zai kwana?" Na ce e. Ta aika aka kira matan unguwa, suka zo suka kewaye ta, suna kallo suna toshe hanci. Ba ta yi musu wa'azi ba. Amma daga ranar ban ƙara roƙon kowa a layin nan ya tafasa ruwa ba.

Da suka watse na sake miƙa hannu zan naɗe. Ta taka gefen da ƙafa. Ta ce za ta wanke ta riƙa shanya kuɓewa a kai. Na ce, "Inna, ki yi wa Allah, abin da ya sha cutar unguwa guda ba a ɗora mashi abinci." Muka yi ta ciniki kamar a kasuwar shanu, har muka daidaita a kan akurkin kajinta, wanda rufinsa ke yoyo. Ni na ɗaura mata ita da waya, na danne da duwatsu.

Damina ta zagayo na je sauya kofuna, tunda su kaɗai suka rage suna aiki, na tarar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta ja ni har wurin akurkin ta ce in leƙa. Kaji suna kwance a bushe, ko ɗigo bai ratsa ba.

Ta ce, "Ka gaya wa masu yin ta, sai yanzu ta daina ɓarnar ruwa."